Almasihu Nunan Fari

Karatunmu na yau yana cikin wasiƙar Manzo Bulus ta fari zuwa ga Korintiyawa, sura 15. Surar doguwa ce, ayoyinta 58, saboda haka ba za mu iya bin ta aya aya ba. Ina roƙo kowa ya buɗe nasa Littafi Mai Tsarki ya karanta ta a natse, wanda idonsa ya yi rauni ko bai yi makaranta ba kuwa ya sa ɗa ko jika ya karanta masa. Suna ɗaya nake so mu riƙe daga cikinta. A aya ta 20 da ta 23 Bulus ya kira Almasihu wanda ya tashi daga matattu nunan fari. Maganar manoma ce, mu kuwa yawancinmu 'ya'yan manoma ne, don haka bai kamata ta yi mana wuya ba.

Bari mu fara da abin da ya sa Bulus ya rubuta surar. Korinti babban birnin kasuwanci ne a ƙasar Girka. Bulus ya zauna can shekara ɗaya da wata shida, yana ɗinkin alfarwa yana wa'azi, a zamanin da Galiyo yake mulkin lardin Akaya. Wani rubutu da aka samu a kan dutse a garin Delfi ya nuna Galiyo yana kan wannan kujera wajen shekara ta 51 zuwa 52 bayan haihuwar Almasihu, da haka muke sanin lokacin. Bayan 'yan shekaru, Bulus yana Afisa, sai labari ya iske shi cewa waɗansu a ikkilisiyar suna cewa matattu ba za su tashi ba. Ku lura, waɗannan mutane masu bi ne, an yi musu baptisma, suna cin jibin Ubangiji. Ga alama ba su yi musun tashin Yesu ba. Abin da suka kasa haɗiyewa shi ne a ce jikin kakansu da ya ruɓe a kabari zai sāke tashi. Da yawa cikin masu ilimin Girka sun ɗauki jiki kamar kurkuku ne da aka tsare rai a ciki, mutuwa kuwa ita ce ranar saki. To wa zai yi marmarin komawa kurkuku? Shi ya sa da Bulus ya ambaci tashin matattu a Atina, waɗansu suka yi masa ba'a (Ayyukan Manzanni 17:32).

Kada mu yi saurin ganin wautar Korintiyawa. Ku saurari yadda muke magana a wurin jana'iza. Mukan ce wane ya tafi gida, ya huta, ransa yana wurin Ubangiji. Duk gaskiya ne, Bulus da kansa ya koyar da haka a Filibiyawa 1:23. Amma sau da yawa nan muke tsayawa, sai ka ce aikin Allah da wannan jiki da muke saukarwa cikin rami ya ƙare. In haka tunaninmu yake, to mu da Korintiyawa jirgi ɗaya ya kwaso mu.

Su Yahudawa kuwa da yawansu sun yarda da tashin matattu. Sadukiyawa sun musa, Farisiyawa sun yarda. Marta, a tsakiyar makokin Li'azaru, ta san ɗan'uwanta zai tashi a ranar ƙarshe (Yahaya 11:24). Maƙwabtanmu Musulmi ma sun gaskata da ranar tashin ƙiyama, mun kuwa san yadda suke ɗaukarta da nauyi. Ashe cewa akwai ranar da matattu za su tashi ba shi ne sabon abin da manzanni suka zo da shi ba. Sabon abin shi ne mutum ɗaya ya riga ya tashi tun ranar ba ta zo ba, duniya tana nan yadda take, Bilatus yana kan kujerarsa, ana ci gaba da haƙa kaburbura. Ba wanda ya sa ran haka. Ana bukatar sunan da za a kira wannan abu da shi, sai Bulus ya koma gona ya ɗauko.

A ƙasar Isra'ila sha'ir ne yake fara nuna, daidai lokacin Idin Ƙetarewa. A Littafin Firistoci 23:9-14 Allah ya umarta cewa kafin kowa ya taɓa sabon hatsi, a yanki dami ɗaya a kai wa firist, shi kuwa ya kaɗa shi a gaban Ubangiji kashegarin Asabar. Kafin a yi wannan ba a yin gurasa da sabon hatsi, ba a gasa shi, ba a cinsa ɗanye. Wannan dami shi ne nunan fari. Mu ma mun san irin wannan lokaci. Damina ta yi nisa, rumbu ya yi ƙasa, uwargida tana auna tsaba hannunta yana rawa. Sai wata rana yaro ya shigo gida da tumu. Zangarniya ɗaya ce ko biyu, ba za su ƙosar da gida ba. Amma duk wanda ya gani ya san gero ya nuna, yunwa ta kusa ɗaure kayanta. Ba wanda yake ganin tumu ya ce, to, wannan zangarniya ta yi sa'a, sauran gona kuwa oho. Daga gonar ta fito, irin hatsin gonar ce, abin da ya same ta yana nan zuwa ga sauran. Malaman Yahudawa sun yi ta gardama a kan wace Asabar ake nufi a wannan doka, ba za mu shiga wannan ba. Amma ya kamata mu lura cewa a makon Idin Ƙetarewa aka gicciye Yesu, kashegarin Asabar kuwa, da sassafe, aka iske kabarinsa a buɗe.

Saboda haka Bulus ya ɗaure tashin Yesu da namu da igiya ɗaya, ya kuma ja igiyar ta kowane gefe. Ya gaya wa Korintiyawa cewa wanda ya ce matattu ba sa tashi ya ce Almasihu ma bai tashi ba ke nan. In kuwa bai tashi ba, daga aya ta 14 zuwa ta 19 ya lissafa asarar: wa'azin manzanni fanko ne, su kansu masu shaidar zur ne a kan Allah, zunubinmu yana nan a wuyanmu, 'yan'uwanmu da muka binne cikin Almasihu sun hallaka. Bulus bai bar wa kansa ƙofar gudu ba. A kwalejin tauhidi mukan karanta littattafan waɗansu masana da suke cewa ba kome ko kabarin a buɗe yake ko a rufe, muddin Yesu yana raye a zukatan masu binsa. Magana ce mai daɗin ji, amma ba ta Bulus ba ce. Tumu abu ne da ake riƙewa a hannu, a gasa, a ci. Tumun da yake cikin zuciya kawai bai taɓa kawar da yunwar kowa ba.

Da yake haka ne, dole mu tambaya ko abin ya faru da gaske. Bangaskiyarmu ba ta tsoron wannan tambaya. An gicciye Yesu a Urushalima a shekara ta 30 ko ta 33, a zamanin Bilatus, wanda ya yi mulkin Yahudiya daga shekara ta 26 zuwa ta 36. A 1961 masu tonon kayan tarihi sun sami dutse mai ɗauke da sunansa a Kaisariya. Wasiƙar nan kuwa an rubuta ta wajen shekara ta 54 ko 55, wato shekara 25 ko ƙasa da haka bayan gicciyewar. Wannan ba wani dogon lokaci ba ne. Kowane ƙauye yana da dattawan da za su ba ka labarin abin da ya faru shekara 25 da suka wuce, har su gaya maka wanda yake tsaye a wurin. Bulus ya kuma ce abin da ya ba su, shi ma karɓa ya yi, wato labarin ya girmi wasiƙar nesa ba kusa ba. Sa'an nan ya jera shaidu: Bitrus, da sha biyun, da 'yan'uwa fiye da 500 a lokaci guda, da Yakubu, da dukan manzanni, daga ƙarshe shi kansa. Game da 500 ɗin ya ƙara cewa yawancinsu suna da rai har lokacin. Maƙaryaci da matattu yakan kafa shaida. Bulus da masu rai ya kafa, waɗanda mai shakka zai iya shiga jirgi ya je ya tambaya.

Cikin wannan jeri Yakubu ne yakan tsaya mini a rai. Ɗan'uwan Yesu ne, gida ɗaya suka tashi a Nazarat. Yahaya 7:5 ta nuna mana 'yan'uwan Yesu ba su gaskata da shi ba a kwanakin hidimarsa, har Markus 3:21 ta ce danginsa sun taɓa fitowa su kama shi domin ana cewa ya zautu. Kowa ya san wuyar mutum ya durƙusa wa wanda suka ci tuwo a akushi ɗaya ya kira shi Ubangiji. Amma ga Yakubu ya zama shugaban ikkilisiyar Urushalima. Yosifus, masanin tarihi Bayahude wanda ba Kirista ba, ya rubuta cewa an yanke masa hukuncin jifa, abin kuwa ya faru a shekara ta 62. Me ya juya Yakubu? Bulus ya ba da amsa a aya ta 7: ya ga ɗan'uwansa da rai.

Bulus bai ambaci mata a jerinsa ba, amma Matiyu da Markus da Luka da Yahaya duka sun yarda mata ne suka fara isa kabarin, Maryamu Magadaliya tana cikinsu. A wancan zamani ba a ɗaukar shaidar mace da nauyi a shari'ar Yahudawa, Yosifus ɗin nan ma ya rubuta haka. Wajen shekara 150 bayan haka, wani masani mai gāba da bishara, sunansa Kelsus, ya yi wa Kirista ba'a cewa a kan maganar wata mace mai ruɗewa suka kafa addininsu. Da almajirai ƙirƙirar labarin suka yi, da sun sa Bitrus da Yahaya a gaba. Sun bar matan a wurinsu domin haka abin ya faru. 'Yan zumuntar mata, ku riƙe wannan. Bakin da ya fara ba da labarin tashin Ubangiji irin naku ne.

To wane irin tashi ya yi? Luka 24:36-43 ta ce da ya tsaya a tsakiyar almajirai sun firgita, suna tsammani fatalwa ce. Sai ya nuna musu hannuwansa da ƙafafunsa, ya ce su taɓa, ya karɓi guntun gasasshen kifi ya ci a gabansu. Ya nuna wa Toma gurbin ƙusa da na māshi. Jikin da aka gicciye ne, ba wani ba. Duk da haka jikin ya sāke, gama ya shigo musu ƙofofi suna kulle, mutum biyu kuma suka yi tafiya da shi har Imuwasu ba su gane shi ba sai wajen gutsura gurasa. Nan ya bambanta da Li'azaru. Li'azaru dawowa ya yi cikin tsohuwar rayuwa, ya tsufa, ya sāke mutuwa, aka sāke yi masa makoki. Yesu kuwa ratsa mutuwa ya yi ya ɓulla ta wancan gefe, inda ba ta da sauran iko a kansa (Romawa 6:9). Irin wannan jiki ne aka yi mana alkawari, gama yadda nunan fari yake haka girbi zai zama.

Bikin Ista yakan faɗo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. A ƙasarmu wannan bazara ce sosai. Ƙasa ta bushe ta tsage, an yi sharar gona, an kai taki, kowa yana duban gabas. Kafin ruwan fari ya sauka waɗansu manoma sukan yi binne, wato su zuba iri cikin busasshiyar ƙasa su rufe, su jira hadari. Harshen Hausa ya yi mana alheri a nan, gama kalmar da muke kiran wannan shuka da ita, da ita muke faɗin abin da muke yi wa matattunmu. Misalin da Bulus ya kawo ke nan daga aya ta 35 zuwa ta 44, sa'ad da yake amsa wa masu tambayar irin jikin da matattu za su tashi da shi. Ƙwayar gero ƙarama ce, ba ta da wani fasali. Wanda bai taɓa ganin gona ba, in ka nuna masa ita ba zai taɓa zana maka karan da ya fi mutum tsawo ba. Amma ba a shuka gero a girbe dawa. Kai ne za ka tashi, ba wani ba, sai dai babu ruɓa, babu rauni, babu kunya. Bambanci ɗaya ne tsakaninmu da manomi mai binne. Shi ba shi da tabbas, ruwa yana iya makara, tururuwa ko tsuntsaye su kwashe irin. Mu kuwa muna binne namu ne bayan mun riga mun ga tumun gonar.

Na san akwai masu saurarona waɗanda ba su sami ko gawar da za su binne ba. Wani an ƙone nasa a rikici, wani ruwa ya tafi da shi, wani an sace shi a hanya ba a sāke jin ɗuriyarsa ba. Zuciya takan tambaya, wannan fa, ta yaya zai tashi? Ba ku ne na fari ba. A shekara ta 177, a birnin Liyon da yake cikin ƙasar Faransa ta yau, an karkashe masu bi saboda sunan Almasihu, cikinsu har da wata baiwa mai suna Blandina. Masu tsanantawar sun san begen Kirista, saboda haka suka hana a binne gawawwakin, suka ƙone su, suka zubar da tokar a kogin Ron, da nufin su ga ta inda za su tashi. Ikkilisiyar da ta ragu ta rubuta labarin ta aika wa 'yan'uwa a Asiya, ba ta kuwa ja da baya ga begenta ba. Allahn da ya yi Adamu daga turɓaya ba ya bukatar mu ajiye masa ƙasusuwa. Ya san inda kowane nasa yake.

Yanzu bari mu shigo gida. In jikin da muke binnewa iri ne, yaya ya kamata jana'izarmu ta kasance? Da fari, a bar mutane su yi kuka. Ban ji daɗin yadda waɗansu suke tsawata wa gwauruwa cewa Kirista ba ya kuka ba. Yesu ya san zai ta da Li'azaru a wannan rana, duk da haka hawaye suka zubo masa a bakin kabarin. Waɗanda suka binne Istifanas sun yi masa makoki mai zafi. A wannan sura ma, aya ta 26, Bulus maƙiyi ya kira mutuwa. Abin da 1 Tasalonikawa 4:13 ta hana shi ne baƙin cikin wanda ba shi da bege, ba ta hana hawaye ba.

Amma akwai wani abin da ya shigo mana wanda ba na bege ba ne. Ana ajiye gawa a asibiti mako da makonni ana jiran a tara kuɗi. A ɗinka anko, a sayi akwati mai tsada, a yanka sa, a ɗauko masu kiɗa, duk da bashi. Wani lokaci tsohon da ake yi wa wannan hidima ya rasa kuɗin magani yana da rai. Baƙi suna watsewa sai a sayar da gona a biya bashi, dangin miji su kwashe abin da ya ragu, a bar gwauruwa da marayu da tabarma. Mutanen da suka ɗauka rabuwar ta har abada ce su ne suke ƙarar da dukiyarsu a bakin rami. Masu bi na fari sun kira maƙabartarsu da kalmar Helenanci mai ma'anar wurin barci, kamar yadda mu ma mukan ce makwanci. A binne ɗan'uwa da mutunci, gama jikinsa na Ubangiji ne. Sauran kuɗin kuwa a biya wa 'ya'yansa makaranta. Wanda ya ci gādon marayu ya tuna cewa ubansu zai tashi, za su kuwa haɗu ido da ido a gaban Almasihu.

Jikin da yake da rai ma maganar ta shafe shi. A sura 6 ta wannan wasiƙa, da Bulus yake tsawata wa Korintiyawa a kan fasikanci, tashin matattu ya kafa musu hujja da shi. Jikin da Allah zai tayar ba na kaiwa gidan karuwai ba ne, ba kuma na jiƙawa da burukutu ba. Wannan dalili ne kuma ya sa ikkilisiya ba ta taɓa ganin jinyar marasa lafiya aikin banza ba ne. Asibitin Vom da aka fara a 1922, da na Galmi a Nijar da aka buɗe a 1950, da wuraren jinyar kutare, mutanen da suka gaskata jiki yana da daraja a wurin Allah ne suka kafa su. Sai kuma tsoro. Ibraniyawa 2:15 ta ce tsoron mutuwa yakan sa mutum cikin bauta duk kwanakinsa. Shi ne yake kai mai bi wurin boka da dare, shi ne yake ɗaura laya a ƙugun jaririn da aka miƙa wa Ubangiji, shi ne yake sa a ɗora wa tsohuwa maita domin yaro ya mutu da zazzaɓi. Mu kai marar lafiya asibiti, mu yi masa addu'a, mu kuma san cewa ko abin da muke tsoro ya faru, binne ne.

Akwai wani wuri mai wuya da ba zan tsallake ba. Sa'ad da Yesu ya tashi, waɗanda suka kashe shi suna nan cikin gari, waɗanda suka gudu suka bar shi kuma suna ɓoye a ɗaki. Da mutum ne irinmu, mun san gidan da zai fara zuwa da abin da zai riƙe a hannu. Shi kuwa sallama ya yi wa matsoratan nan. Bitrus ya yi musunsa sau uku yana jin ɗumin wutar gawayi, sai Ubangiji ya hura wata wutar gawayi a bakin Tekun Galili, ya ba shi karin kumallo, ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, ya danƙa masa garkensa. Ya kuma umarta a fara wa'azin tuba da gafara daga Urushalima, birnin da ya gicciye shi (Luka 24:47). A ranar Fentikos mutum wajen 3,000 suka tuba a wannan birni.

Ina faɗar wannan a hankali, domin na san akwai waɗanda aka ƙone musu gida da majami'a, aka kashe musu na kusa. Ba na ce ku yi kamar ba a yi kome ba. Neman hakki a wurin hukuma daidai ne, tsare iyali daidai ne. Amma ramuwa a kan wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, domin kawai kabilarsa ko addininsa ɗaya ne da na mai laifi, wannan aikin wanda ya ɗauka babu wata shari'a bayan kabari ne. Bulus ya gaya wa mutanen Atina cewa tashin Yesu shi ne tabbacin da Allah ya bayar cewa ya sa ranar shari'a, ya kuma naɗa alƙali (Ayyukan Manzanni 17:31). Ba jinin da zai ɓace a wannan kotu. Matasanmu, in an zo ana zuga ku ku ɗauki adda, ku tuna alƙalin yana da rai, kuma ba ku ba ne.

Da Bulus ya kai ƙarshen surar, mutum zai zaci zai ce mu naɗe hannu mu jira ƙaho. A aya ta 58 aiki ya tura su, ya ce wahalar da suke sha domin Ubangiji ba za ta tafi a banza ba. A ƙarshen 1893 mutum uku suka sauka Ikko da niyyar kawo bishara ƙasashen nan namu: Walter Gowans, da Thomas Kent, da Rowland Bingham. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida, Bingham kuwa ya koma gida daga baya ba tare da sun kafa ikkilisiya ko ɗaya ba. A idon duniya asara ce tsantsa. Daga wannan aiki ne mishan ɗin SIM ta tsiro, daga gare ta kuma ikkilisiyar ECWA. Su biyun ba su ga ko ganye ɗaya ba. Haka yake ga mai bishara a ƙauyen da mutum biyar suke zuwa sujada, da malamar makarantar Lahadi, da matar da ta shekara goma tana jinyar surukarta ba wanda ya ce mata sannu.

Ranar Lahadi kanta shaida ce. Almajirai na fari Yahudawa ne da suka tashi cikin kiyaye Asabar, amma suka soma taruwa a ranar fari ta mako, domin ita ce ranar da ya tashi. Ba ranar hutu ba ce a lokacin. Sai a shekara ta 321 Sarki Kustantin ya mai da ita ranar hutu a mulkin Roma. Wajen shekara ta 112 wani gwamnan Roma mai suna Filini ya rubuta wa sarkinsa cewa Kirista sukan taru a wata ƙayyadaddiyar rana tun gari bai waye ba. Bayi da 'yan ƙwadago ne da yawansu, sai sun yi sujada sa'an nan su kama aikin yini. Mu da aka ba mu ranar kyauta, sai an kusa gama wa'azi waɗansunmu suke shigowa.

Ku kuma duba abin da ya biyo bayan aya ta 58. Bulus bai raba wasiƙarsa sura sura ba, an yi wannan rabo ne fiye da shekara 1,000 bayansa. Saboda haka da aka karanta wa Korintiyawa wasiƙar, daga maganar ƙaho na ƙarshe da nasara a kan mutuwa, mai karatu bai tsaya ba sai ya shiga maganar kuɗi. Akwai matalauta cikin masu bi na Urushalima, mutanen da yawancin Korintiyawa ba su taɓa gani ba, ba kuma kabilarsu ɗaya ba. Bulus ya ce kowace ranar fari ta mako, wato ranar tashin Ubangiji, kowa ya keɓe wani abu gwargwadon samunsa ya ajiye, don kada sai ya zo a fara neman tarawa. Ikkilisiyoyin Makidoniya da na Akaya suka tara. Bulus da kansa, tare da wakilan ikkilisiyoyi, ya ɗauki gudunmawar ya kai Urushalima, ko da yake an yi ta gargaɗinsa a hanya cewa sarƙa tana jiransa. A wannan zuwa ne aka kama shi a Haikali.